Kafin a sa hannu a takardar tiyata: Wane ne zai riƙe wuƙar?

Idan magidanci zai aurar da 'yarsa, sai ya tura an binciko masa asalin manemin, da sana'arsa, da irin mutanen da yake zama da su. Idan fili zai saya, sai ya ga takarda, ya je wurin mai unguwa, ya tambayi maƙwabta ko akwai rigimar gado a kai. Ko tsohuwar mota ce, ba zai biya ba sai bakanike ya buɗe inji ya duba. Amma wannan mutumin, ranar da aka ce masa sai an yi wa matarsa ko mahaifinsa aiki a ciki, sai ya karɓi biro ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ya biya kuɗi, ya koma kan benci ya zauna, alhali ko sunan wanda zai riƙe wuƙar bai sani ba.

Ba sakaci kaɗai ke jawo haka ba. Akwai tsoro, akwai kunya, akwai kuma ganin girman farar riga. A ƙasar Hausa kalmar "likita" ta yi faɗin da ta haɗiye kowa: mai shagon kemis likita ne, malamin asibiti likita ne, mai gwajin jini ma likita ne. Wanda ya yi ƙarfin halin tambayar takardun mai farar riga kuwa, 'yan uwansa ne za su fara zungurarsa, a ce ya cika fitina. To amma tiyata ba shan ƙwaya ba ce da za a daina idan ba ta karɓi mutum ba. Abin da aka yanke ya yanku. Saboda haka haƙƙin majinyaci ne da danginsa su san abu uku tun kafin ranar aiki: matsayin karatun wanda zai yi aikin, irin asibitin da za a yi shi, da kuma wanda zai biya kuɗin. Nauyin bayyana waɗannan abubuwa kuma a kan asibitoci da hukumomi ya kamata ya kasance, domin mai ciwo ba shi ne ya fi kowa ƙarfin bincike ba.

Likita daban, likitan fiɗa daban

Hanyar zama likita a Najeriya sananniya ce. Ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'a ya fito da digirin MBBS. Daga nan Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, za ta yi masa rajistar wucin gadi, ya yi shekara guda yana aikin sanin makama a ƙarƙashin manya, kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Bayan haka ma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa na aiki. Wannan shi ne likita na gama-gari, irin wanda ake tararwa a ɗakin ganin marasa lafiya.

Likitan fiɗa kuwa a nan tasa tafiyar take farawa. Sai ya ci jarrabawar share fage, ya sami gurbi a asibitin da aka amince masa ya ba da horo, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. A can zai shafe shekara 5 zuwa 6, wani lokaci fiye, yana aiki dare da rana a ƙarƙashin ƙwararru, ya ci jarrabawa kashi na ɗaya da na biyu. Kwalejoji biyu ne ke ba da wannan shaida: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda ta samo asali a 1960. Wanda ya kammala a ta farko yakan sa haruffan FMCS a bayan sunansa, na biyun kuma FWACS. Shi ne wanda a asibiti ake kira kwansaltan.

Babban likitan fiɗa na gama-gari shi ne mai aikin ƙaba da gwaiwa, da afendis, da toshewar hanji, da hujewar hanji da taifot ke jawowa, da maƙoƙo, da basir, da tsakuwar matsarmama, da ƙullutun mama. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da suka fi kai talaka ɗakin tiyata. Abin da horon shekarun nan yake koyarwa ya wuce iya yanka da ɗinki. Yana koyar da sanin wanda bai kamata a taɓa shi ba sam, da sanin abin yi idan aka buɗe ciki aka tarar da abin da ba a zata ba, da gane alamar cewa ɗinki ya saki tun kafin majinyaci ya galabaita.

Wanda yake ganin binciken takardu wuce gona da iri ne, ya tuna abin da ya faru a 2015. A shekarar ce aka bankaɗo wani mutum da ya shafe kusan shekara 9 yana aiki a matsayin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ke Abuja, da takardun abokinsa. Idan har hakan zai faru a ma'aikatar da ke kula da lafiyar ƙasa baki ɗaya, ina ga ƙaramin asibiti a bayan gari, wanda aka mayar da gidan haya mai ɗaki huɗu ya zama wurin tiyata? A Kano, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci masu zaman kansu, wato PHIMA, ta sha sanar da rufe wuraren da ta samu ana duba marasa lafiya ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai sau da yawa labarin irin waɗannan wurare ba ya fitowa sai bayan an yi ɓarna.

Ba kowane gari ke da ƙwararre ba

A nan dole a yi adalci. Idan aka ce kada kowa ya yarda a yi masa aiki sai a hannun kwansaltan, to an yanke wa mutanen karkara hukuncin zama da ciwo. Ƙwararrun ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin da ke da lasisin aiki a ƙasar kimanin dubu 55 ne, kuma kimanin dubu 16 sun fice zuwa ƙasashen waje cikin shekara 5. Wannan adadi na likitoci ne gaba ɗaya, masu fiɗa kaɗan ne daga ciki. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi da dama, likitan gama-gari guda ɗaya ne ke ciro jariri, ya yi aikin ƙaba, ya cire afendis, kuma da yawansu sun ceci rayukan da ba za su kai birni ba. Likita ne mai rajista, aikinsa kuma abin godiya ne.

Don haka ba ana cewa a hana su aiki ba ne. Abin da ake nema shi ne gaskiya. Likitan da ya ce wa dangi, shi ba kwansaltan ba ne amma ya saba yin wannan aikin, kuma idan abu ya fi ƙarfinsa ga inda zai tura, ya ba su damar su zaɓa da idonsu a buɗe. Wanda ya bari aka ɗauke shi a matsayin da bai kai ba, ya kuma karɓi aikin maƙoƙo ko na sankarar hanji da ya san ya fi ƙarfinsa don kada kuɗin ya wuce shi, wannan ya ci amana, ko da takardunsa na gaske ne.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin aikin gaggawa da aikin da aka sa wa rana. Wanda hanjinsa ya huje cikin dare, ko aka kwaso shi daga hatsarin mota, ba shi da lokacin tambaya, kuma ɓata lokaci a nan shi ne halaka. Amma ƙaba, da maƙoƙo, da basir, da galibin ƙullutu, ayyuka ne da akan ba mutum makonni kafin a yi. A cikin makonnin nan dangi kan zagaya neman kuɗi, a sayar da akuya, a karɓi adashi, a yi wa ɗan uwa da ke Legas waya. Da za a ware yini ɗaya cikin kwanakin nan don sanin likitan, da an rage kuka.

A wane asibiti za a kwana?

Tambaya ta biyu ita ce wadda aka fi mantawa da ita. Mutane kan bi sunan likita su manta da ginin da zai yi aikin a ciki. Alhali likitan fiɗa, komai ƙwarewarsa, ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai mai sa majinyaci barci ya kuma kula da numfashinsa har a gama. Akwai nas-nas na ɗakin tiyata, akwai masu dafa kayan aiki. Akwai buƙatar jini, da iskar oksijin, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba.

Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2018 ya bi diddigin marasa lafiya 11,422 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. An gano cewa duk da majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya, kuma ayyukan da aka yi musu ba su kai na wasu wurare nauyi ba, haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ya ninka na sauran duniya sau biyu. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Ma'ana, a ɗakin kwanciya ake rasa mutane, lokacin da jini ke zuba a ciki ko ƙwayoyin cuta suka shiga, ba a sami wanda ya lura da wuri ba.

Wannan ya sa alaƙar likita da asibiti ta zama muhimmiya. A biranen Arewa an saba da tsarin da ƙaramin asibiti mai zaman kansa zai gayyato likitan fiɗa daga wani wuri, ya zo da yamma bayan ya tashi daga aiki, ya yi tiyata, a sallame shi, ya tafi. Yana iya yin aikin da kyau ƙwarai. Amma da ƙarfe biyun dare, idan cikin majinyaci ya kumbura, numfashinsa ya canza, wa ke nan? Likita ne ko nas guda ɗaya mai kula da gadaje goma? Akwai jini a ajiye, ko sai an tashi dangi su bazama cikin gari neman mai bayarwa? Idan abin ya yi tsanani, akwai motar da za ta kai shi babban asibiti, kuma likitan yana da ƙafar da zai sa a karɓe shi a can ba tare da jira ba?

Akwai kuma ɗabi'ar da jama'a suka daɗe suna kuka da ita, inda majinyaci zai je asibitin gwamnati a ba shi rana mai nisa, sannan wani ya raɗa masa cewa idan yana so a yi da wuri ga wani asibiti can. Layin asibitin gwamnati dogo ne, wannan gaskiya ne, yajin aiki ma yakan ƙara masa tsawo. Wanda ya zaɓi asibitin kuɗi don ya huta da jira bai yi laifi ba. Amma ya sani cewa likitan kaɗai ya bi. Bankin jini, da sashen kulawa ta musamman, da likitocin da ke kwana a bakin aiki, duk ya baro su a inda ya fito, sai fa idan ya tabbatar akwai irinsu a inda za shi.

Katin inshora ba ya aiki a ko'ina

Sai batun kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fitowa kai-tsaye, kuma tiyata ɗaya ta isa ta cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa. Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka yi dokarsa a 1999 ya fara aiki a 2005, an kawo shi ne don rage wannan nauyi. A watan Mayun 2022 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihohi ma suna da nasu, kamar KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Duk da haka waɗanda ke cikin tsarin kimanin miliyan 20 ne, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200.

Su ma masu katin, da yawa ba su san yadda yake aiki ba sai ranar da suka buƙace shi. Ma'aikaci yana ganin ana cire masa kuɗi, sai ya ɗauka duk inda ya nuna kati za a yi masa aiki. Ba haka tsarin yake ba. Kowane mai rajista yana da asibitin farko da ya zaɓa. Idan ana buƙatar tiyata, wannan asibitin ne zai rubuta takardar turawa, sannan kamfanin da ke kula da inshorar, wato HMO, ko hukumar jihar, su ba da lambar izini. Asibitin da za a je dole ya kasance cikin waɗanda aka tantance su yi aikin fiɗa a ƙarƙashin tsarin. Wanda ya tsallake waɗannan matakai, ya bi likita zuwa asibitin da ba ya cikin jerin, to daga aljihunsa zai biya, kuma da wuya ya ga an mayar masa.

Ko an bi ƙa'ida ma, akan sami abin mamaki. Wani asibitin zai ce yana karɓar inshora, amma ranar aiki a ce kuɗin likitan da aka gayyato daban ne, ko a ce ragar da ake sawa a aikin ƙaba ba ta ciki, ko a miƙo doguwar takardar magunguna a ce babu su a kantin asibiti, a je waje a saya. Asibitoci suna da nasu kukan: sun ce farashin da inshora ke biya bai kai tsadar kaya ba, kuma kamfanonin kan riƙe musu kuɗi wata da watanni. Kukan yana da tushe. Amma rigimar asibiti da kamfani bai kamata ta ƙare a kan mutumin da aka hana shi abinci tun daren jiya yana jiran a shiga da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da inshora za ta biya da abin da ya rage a kan majinyaci, a rubuta shi a takarda tun ranar da aka sa ranar aiki.

Doka tana bayan mai tambaya

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ƙasa ta riga ta ba su wannan dama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayanin ciwonsa, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace hanya, cikin harshen da yake fahimta. Ta kuma haramta ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyaci. Hukumar MDCN tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke da ikon dakatar da likita ko soke sunansa daga rajista. Dokokin suna nan a rubuce, amma da Turanci, a ofisoshin da matar ƙauye ba za ta taɓa shiga ba. Takardar amincewa da tiyata ma da Turanci take, sai a nuna wa mutum inda zai dangwala.

Wasu kan ce ai rai da ajali na Allah ne, bincike ba ya ƙara kwana. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma a fiƙihu wanda ya yi wa mutane magani ba tare da sani ba, ɓarnar da ya yi tana wuyansa. Kalmar "haƙuri" da ake rufe kowane kuskuren asibiti da ita ta zama mafaka ga waɗanda ba su cancanta ba, domin sun san da wuya dangi su kai ƙara.

Gyaran ba ya buƙatar biliyoyin naira. Hukumomin jihohi da ke ba asibitoci masu zaman kansu lasisi su wajabta wa duk asibitin da ke yin tiyata ya kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci, mai ɗauke da sunayen likitocin da ke yin aiki a wurin, da matsayin kowanne, da lambar rajistarsa, da jerin inshorar da ake karɓa. Hukumar MDCN ta sauƙaƙa tantance likita har ga mai ƙaramar waya. Idan NAFDAC ta iya fito da tsarin da mutum zai kankare kwalin maganin zazzaɓi ya tura lamba a ba shi amsa nan take, babu dalilin da zai hana a yi irinsa ga mutumin da zai buɗe cikin ɗan Adam. Ma'aikatun lafiya su fassara takardar amincewa zuwa harsunan da jama'a ke ji. Hukumomin inshora kuma su buga jerin asibitocin da aka amince su yi fiɗa, su riƙa sanarwa a rediyo, inda talaka yake sauraro.

Su ma likitocin fiɗa na gaskiya, wannan gyara riba ce gare su. Mutumin da ya shafe fiye da shekara 12 yana karatu da horo babu abin da zai rasa idan aka tambaye shi takardarsa. Wanda tambaya take ɓata wa rai, yawanci akwai abin da yake ɓoyewa. Kafin hukumomi su motsa kuwa, dangin da aka ba su ranar aiki su zauna da likita, cikin ladabi, su ji sunansa da matsayinsa, su ji sau nawa ya yi irin wannan aikin, wa zai sa barci, wa zai kwana da majinyaci, ina za a nufa idan abu ya rikice, kuma nawa ne zai fita daga aljihunsu. Idan aka amsa musu da sakin fuska, su sa hannu su yi addu'a. Idan aka hau su da faɗa, su ɗauki majinyacinsu su nemi wani asibitin tun yana iya tafiya da ƙafarsa.